Farin Yashi a Tashar Magama

Saƙon ya shigo wayar Mutmainna ranar Litinin da hantsi, tana tsaye a layin karɓar kwalabe a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Ta karanta, ta kife wayar a ƙirjinta, ta sake ɗagowa ta karanta. Gidauniyar da ta aika wa takardarta wata huɗu da suka wuce ta ce bincikenta ya tsallake tantancewa. Abu ɗaya ya rage. Ranar Alhamis wata Dakta Salmatu daga Kaduna za ta zo ta ga wurin da idonta. In ta sa hannu, za a ɗauki nauyin aikin na shekara guda. In ba ta sa ba, gurbin ya koma kan mai bi mata a jeri.

Mutmainna ba mai ɗaga murya ba ce. Ko a aji, in malami ya tambaye ta, sai na kusa da ita ya maimaita abin da ta faɗa kafin a ji. Amma ranar nan ta bar layin, ta bar kwalaben, ta tsinci kanta a motar Jibiya tana ta murmushi ita kaɗai, har matar da ke gefenta ta tambaye ta ko an sa ranar bikinta ne.

Ƙa'idar gidauniyar ita ce ba a ba ɗalibi tallafi shi kaɗai. Sai ya haɗa kai da mutanen da matsalar ta shafa, a yi aikin tare. Abokan aikin Mutmainna su ne 'yan ga-ruwa na Magama, garin da ke bakin iyaka, kuma shugabansu wan mahaifiyarta ne, Kawu Bawa. Matsalar kuwa kowa a unguwar ya san ta. Akwai wani fili da manyan motoci ke tsayawa kafin su tsallaka Nijar. A nan ake juyen baƙin mai, a nan ake zubar da tsohon a ƙasa. Lokacin da aka rufe iyaka motoci suka yi watanni a tsaye, abin ya ƙara yawa. A gangaren filin akwai rijiyar da 'yan ga-ruwa ke ɗiba, kuma shekara biyu ke nan ruwanta na warin mai. Masu hali sun koma sayen ruwan leda. Marasa hali suna sha haka nan. Mutmainna ta zagaya filin da na'urar nuna wuri a hannu, ta ƙirga wurare bakwai da ake zubar da mai, ta rubuta cewa tana zaton man na bin ƙasa yana sauka cikin rijiyar.

Ta tarar da Kawu Bawa yana jera jarkoki a kura, kusa da rumfar Inna Hajjo mai tuwo.

"Kawu! Kawu, an ɗauka!"

Bawa ya miƙe yana dafe da ƙugu. "An ɗauki mi? Ke da sai an kasa kunne ake jinki, yau har direbobi sun waiwayo."

Ta karanta masa saƙon, tana fassarawa tana haki. Bawa ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Sai ya yi kabbara. 'Yan ga-ruwan da ke kusa suka hau dukan jarkoki kamar ganguna, Inna Hajjo ta saki muciya ta rangaɗa guɗa har wani direba da ke barci ƙarƙashin tirelarsa ya zabura ya bugi ƙarfe da kai.

Hajjo da Bawa taubasai ne, ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba.

"To, Bawa, ka zama ɗan jami'a da tsufanka," in ji ta. "Sai a saya maka tabarau. Ka riƙa tura kura kana Turanci."

"Hassada ce ke cinki. Ke dai tuƙa tuwonki, manya na magana."

"Manya! Wanga da har yau in ya ga akuya ta taho da gudu sai ya kauce." Ta juyo wajen Mutmainna. "Ɗiyata, wagga Dakta, mace ce?"

"Mace ce, Inna."

"Babba?"

"Babba ce sosai."

"Kuma tun daga Kaduna za ta taso, takanas don mu?"

"Don mu."

Idon Hajjo ya bar fuskar Mutmainna, ya bi filin a hankali: baƙar ƙasa mai danƙo, tsofaffin tayoyi, gwangwanayen mai, ledoji. Mutmainna ta ga kallon, ta ɗauka tunanin abincin baƙuwa take.

"Inna, kada ki wahalar da kanki. Zuwa kawai za ta yi ta ga wurin."

"Ta ga wurin," Hajjo ta maimaita. "To. Za ta gani, in Allah ya so."

Da la'asar Mutmainna ta koma Katsina, don akwai kwalabe da takardun da za ta haɗa, kuma a can aka ce ta jira baƙuwar su taho tare.

Dakta Salmatu 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, atamfa a jiki, takalmin kambas a ƙafa. Ranar Alhamis suka fita daga Katsina da sanyin safiya, suka yi nisa tana ta juya shafukan takardar Mutmainna. Can ta rufe.

"Takardarki ta yi kyau," ta ce. "Sai dai duk takardun da ke isowa gare ni kyau gare su. Watan jiya an kai ni ganin wani tafki da aka rubuta cewa ya mutu, na tarar ana kamun kifi a ciki. Shi ya sa nake zuwa da ƙafata."

"Dakta, namu ba sai an nuna miki ba." Mutmainna ta ji bakinta ya buɗe yadda bai saba ba. "Tun kafin mu sauka za ki ji warin. Ƙasar baƙa ce ƙirin, takalmi har mannewa yake. In mun kusa, gara ma a ɗaga gilashi."

Ta yi ta magana. Ta faɗi yadda kumfar sabulu ke mutuwa a ruwan, da yadda mai shayi ya daina saye a hannun kawunta. Direban gidauniyar ma sai da ya riƙa leƙenta ta madubi. Suka wuce Jibiya, suka shiga Magama, suka bi gefen dogon layin tireloli, suka wuce masu canjin sefa da ke kaɗa hannu, sannan suka karya kwana zuwa filin.

Ba wari. Abin da ya shigo ta taga ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa ne, da turaren wuta.

An kafa rumfar biki a tsakiya, an jera kujerun roba. Tayoyin sun ɓace, gwangwanayen sun ɓace, ko leda ɗaya babu. Inda baƙar ƙasar take, farin yashi ne lallausa, an baje shi an lallaɓa, har ana ganin sawun tsintsiya. Can gangare bakin rijiya ya sha farar ƙasa, sabon guga na rataye. 'Yan ga-ruwa sun yi sahu cikin kayan Juma'a, jarkokinsu a wanke suna sheƙi. Wani mutum cikin farin kaftani ya buɗe wa Dakta ƙofa, sai da ya yi magana Mutmainna ta gane Ɗalhatu ne, shugaban makanikan filin, wanda tun tasowarta ba ta taɓa ganin launin hannunsa ba.

Guɗa ta tashi. Aka zaunar da baƙuwa, aka dire mata ruwan gora mai sanyi. Kawu Bawa ya miƙe ya yi jawabin maraba, ya yi wa iyayen Dakta addu'a, ya yi wa motarta addu'a. Dakta Salmatu ta amsa da fara'a, sannan ta karkato wajen Mutmainna.

"Sai mu je wurin ko?"

Mutmainna ta nuna farin yashin. "Nan ne, Dakta."

"Nan?"

Inna Hajjo ta ji. Ta matso cikin sabon leshi, fuskarta fal murna.

"Hajiya, da kin zo shekaranjiya da ba ki iya zama nan ba. Wallahi sai kin toshe hanci. Kwana biyu ba mu huta ba. Masu amalanken shanu daga Farfaru sunka ɗebo muna yashi a gulbi, mu mata munka yi ta jida da kwano. Bawa da mutanensa sunka yashe rijiya. Haba, mutum ya taso tun daga Kaduna ya tarar da mu cikin ƙazanta? Ai ba a yi mu haka ba."

Ta dubi Mutmainna tana jiran yabo. Duk filin ita yake kallo, kowa na washe baki. Mutmainna ta sunkuyar da kai.

"Allah ya saka da alheri, Hajiya," in ji Dakta Salmatu. "An karrama ni." Da Hajjo ta tafi ɗauko abinci, sai ta rage murya. "Mutmainna, takardar da zan cike tana tambaya ko na ga matsalar yadda aka bayyana ta. Kuma hoto ake haɗawa. Me zan ɗauka? Kujeru?"

"Za a iya tonawa, Dakta."

"In kin tona rami kin nuna mini baƙar ƙasa, ai kowace tasha a ƙasar nan akwai irinta. Ke cewa kika yi man yana tafiya zuwa rijiya. Tafiyar nake so in gani." Ta duba agogo. "Bayan azahar ina da wani wurin dubawa a Daddara. Ba fushi nake ba. Amma abin da na gani shi zan rubuta."

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, da kaji har biyu. Mutmainna ta kasa kai loma. Ta zame ta bayan rumfa da nufin kiran malaminta na jami'a, ko zai san abin yi. Wayar ta nuna mata ta kama layin Nijar, abin da ta saba yi a Magama. Mai son layin gida sai ya hau wani bene da aka fara ginawa a gefen filin aka bari ba rufi. Ta tattare hijabinta, ta bi matakalar siminti mara makari tana dafa bango, har ta kai sama. Layi ya dawo. Ta danna lambar, ta kara a kunne, idonta cike da ƙwalla. Wayar na ƙara, ita kuwa ta leƙa ƙasa don kawai kada hawayen su zubo.

Daga ƙasa, filin fari ne kawai, sharerre. Daga sama ba haka yake ba. Yashin bai rufe ko'ina ba. Tabo-tabo ne farare a kan jar ƙasa, wani kamar faɗin tabarma, wani kamar faifai. Kuma ba a warwatse suke ba. Sun yi cincirindo a tudu, inda motoci ke tsayawa. Daga nan suka jeru, suka lanƙwasa ta bayan rumfar mai shayi, suka bi wata 'yar kwana da ba ta taɓa lura da ita ba, suna ƙanƙancewa suna matsowa kusa da juna, har na ƙarshe ya tsaya taku kaɗan daga bakin rijiya.

Ta fara ƙirgawa da yatsa. Bakwai nata suna nan, ta gane su. Takwas. Goma sha biyu. Ashirin. Ashirin da shida.

"Salamu alaikum? Mutmainna?" in ji muryar malaminta a wayar.

"Malam, zan sake kira!" Ta kashe. Ta matsa bakin benen, ta buɗe murya iya ƙarfinta. "Dakta! Dakta Salmatu! Inna Hajjo! Ku hawo! Don Allah ku hawo ku gani!"

Filin ya yi tsit. Bawa ya ɗaga kai da ƙashin kaza a hannu. "Lafiya? Maciji ne?"

Dakta ce ta fara isowa, takalmin kambas ɗinta ya yi mata rana. Ta tsaya gefen Mutmainna, ta gyara tabarau. Sai hannunta ya tafi cikin jaka neman kyamara. Bayanta Hajjo na tahowa mataki ɗaya-ɗaya, tana salati tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene, Bawa na biye yana cewa in ta faɗo ba shi zai tare ba.

"Inna," in ji Mutmainna, "me ya sa ba ku rufe filin duka ba?"

"Da wane yashin? Shanun mutane sun gaji. Inda ke da mai kawai munka zuba."

"Wa ya nuna muku inda yake?"

Hajjo ta dube ta kamar ta tambayi hanyar ɗakinta. "Nuna? Shekara goma sha tara ina taka wanga fili."

"Amma wancan fa, na bayan mai shayi? Na bi ta nan sau da yawa, ƙasa ce ja, ba komai."

"A sama. Wancan tun rufe iyaka ƙasa ta binne shi. Hasiya mai ƙosai ta taɓa kafa murhu nan, hayaƙi ya tashi baƙi, ƙosan ranar ko kare bai ci ba. Munka ce a rufe shi, kada rana ta yi zafi ya tashi da wari gaban baƙuwa. Wancan kuwa na kusa da shi, da damina ko ciyawa ba ta fitowa. Na ƙasansa, in an yi ruwa, kududdufin wurin launi-launi yake. Akuyoyi ma ba su kwanciya nan. Kowace mace ta san na ƙofar rumfarta."

"Wata huɗu ina yawo da na'ura," in ji Mutmainna, tana dariya hawaye na zuba, "bakwai na samu."

Dakta Salmatu na ta ɗaukar hoto, ta koma wannan kusurwa ta koma waccan, ɗankwalinta ya zame ba ta kula ba. "Kin ga lanƙwasar nan? Tsohuwar hanyar ruwa ce. Ikon Allah. Ikon Allah!" Sai ta sauke kyamarar. "Amma farin yashi ba hujja ba ne sai na ga abin da ke ƙarƙashinsa. Uku nake so a buɗe. Ɗaya a tudu, ɗaya a tsakiya, da na kusa da rijiya."

Fara'ar Hajjo ta ɗauke.

"A buɗe? Gabanki?" Ta juya ga Mutmainna. "Ɗiyata, bayana har yanzu bai miƙe ba. Hasiya da cikinta wata bakwai ta yi jidar yashin nan. Yanzu a tone, a ɗauki hoto, a kai Kaduna a ce ga yadda matan Magama ke zaune? A'a. A ɗauki na saman, ya isa."

Bawa ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskarta, ya rufe.

Mutmainna ba ta taɓa musu da babba ba. Amma ta durƙusa a kan simintin mai zafi, ta kama gefen zanen Hajjo.

"Inna, laifina ne. Ban yi miki bayani ba, na ce za ta ga wuri, ban ce dattin za ta gani ba. Ki yafe mini." Ta ɗago kai. "Amma ba ƙazantarku ba ce. Ke kika zuba? Hasiya ce ta zuba? Waɗanda suka zuba wasu suna Maraɗi, wasu suna Legas, ko sunan garin nan sun manta. Ku aka bari da shan ruwan. Yanzu kuma kunyar ma ku za ku ɗaukar musu?"

Hajjo na kallon filin.

Sai aka ji gyaran murya daga matakala. Ɗalhatu ne, ya hawo rabi ya tsaya.

"Ba dukansu sunka tafi ba," ya ce. "Na huɗu daga tudu, babban nan, nawa ne. Da na kusa da shi. Nan nake juye wa motoci. Hajiya Dakta, ki rubuta, ban ɓoye ba. Ba mu da inda za mu zuba, ba mai zuwa kwashewa. Kuma gidana ma ruwan Bawa muke sha."

Hajjo ta dube shi sama da ƙasa, da shi da farin kaftaninsa. Ta ja dogon numfashi. Sai ta kwance gyalenta ta ɗaure a ƙugu.

"Tashi, ɗiyata, siminti na da zafi. Bawa, sauka ka nemo mini fartanya. Ni na rufe, ba wanda zai buɗe sai ni."

Kafin su sauko labari ya zagaye filin. Aka bar kaji a faranti. Hajjo na gaba da fartanya a kafaɗa cikin sabon leshinta, Dakta da Mutmainna na biye, sai 'yan ga-ruwa, sai mata masu abinci, sai direbobin da ba su san abin da ake yi ba amma sun ga taro. A tabon Ɗalhatu ta fara. Sara uku, farin ya kau, baƙi ya bayyana yana naso, warin ya bugi kowa.

"Baƙi!" wani ya yi ihu, aka ɗauka gaba ɗaya kamar an ci ƙwallo.

Mutmainna ta tsuguna ta zura ma'auni. Ta tura, ta ƙara turawa, ya shige har tsawon hannu bai kai ƙarshen baƙin ba. Ta faɗi lambar da ƙarfi, Dakta ta rubuta. Suka gangara bayan rumfar mai shayi, inda ƙasar da ke ƙarƙashin yashin ja ce. Nan Hajjo ta daɗe tana sara, gumi na ɗiga daga haɓarta. Jar ƙasa, jar ƙasa, jar ƙasa. Sai bakin fartanyar ya fito da danƙo.

"Ban gaya muku ba?" Hasiya ta yi tsalle da cikinta, mata suka riƙe ta suna dariya. "Ƙosaina! Nan ƙosaina ya lalace!"

Wani direba ɗan Nijar da ya kutso gaba ya kama haɓa. "Madam, wallahi ta wajenmu ma haka take, bayan duwan, kwastan ɗinmu. Ku tsallako ku gani."

Na uku, na kusa da rijiya, ba a sha wahala ba. Ƙasar can ƙasa jiƙaƙƙiya ce, tana ƙyalli. Dakta ta sa yatsa ta shinshina, ta goge a gefen atamfarta ba tare da ta lura ba.

"Saura ruwan," ta ce.

Aka saki sabon guga, aka jawo. Ruwa garau, ba ko ɗigo a samansa. Dakta ta ɗaga gira. Nan Bawa ya fara sosa ƙeya.

"Hajiya, gaskiya ɗaya ce. Jiya munka kwashe ta tas, har ƙasa. Da asuba na leƙa, ruwa ya taru, ƙyallin ya dawo. To, sai na sa aka riƙa yaɗe saman da ƙwarya. Sau uku. Na ƙarshe kuna karyo kwana."

"Ka ji munafuki!" in ji Hajjo. "Ni ina fama da kunyata a fili, kai kana taka a ɓoye."

Dakta Salmatu ta tuntsire da dariya har ta dafa bakin rijiyar, farar ƙasa ta shafe mata hannu. "Malam Bawa, ka san abin da ka faɗa? Rijiyar da aka kwashe jiya, yau mai ya dawo. Ba daga sama yake faɗawa ba ke nan, ta ƙasa yake shigowa. Kowa ya matsa. Kada a taɓa ta sai mun yi salla."

Aka kira azahar. Mutmainna ta yi sallarta a rumfar Hajjo, ta yi ƙoƙarin tsayar da hankalinta wuri ɗaya, da ƙyar. Da suka dawo rana na tsaye a kan rijiyar. Suka leƙa su huɗu, ita da Dakta da Hajjo da Bawa, kai da kai. A saman ruwan wani siririn mayafi ya shimfiɗu, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, yana juyawa a hankali.

A kan bonet ɗin motar Dakta ta cike takardar. Mutmainna na tsaye gefe tana murza yatsunta, tana bin bakin biron da ido. Ya sauka layi-layi, ya tsaya a wani gurbi.

"Abokan bincike, an rubuta ƙungiyar 'yan ga-ruwa. To amma ba su suka zana mini taswirar nan ba. Hajiya, ku nawa ne kuka yi jidar yashi?"

"Mu tara."

"A ba ni sunayen taran. Da kai ma, Malam Ɗalhatu, in ka yarda. Ba a gyara wannan ba tare da mai juyen ba."

Aka yi ta kiran sunaye, ana gardamar wa za a fara sawa. Da aka gama, biron ya gangara ƙasan shafin, ya yi 'yar lanƙwasa, ya ja layi. Dakta ta buga hatimi, ta miƙa wa Mutmainna kwafinta.

Mutmainna ta karɓa da hannu biyu. Guɗar Hajjo ce ta cika wurin, jarkoki suka amsa.

"Ki saurare ni," in ji Dakta ta tagar mota, tana ɗaga murya saboda hayaniyar. "Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ruwan farko zai tafi da yashin nan. Kafin ya sauka ina so kowane tabo ya sami lamba da turke, ki ɗauki wurinsa da na'ura, ki rubuta abin da matan suka sani a kansa. Kada ki jira takardar ofis."

"Yau zan fara, Dakta."

Motar ta juya ta nufi hanyar Daddara. Kafin ta ɓace Ɗalhatu ya tuɓe kaftani ya rataye a jikin wata tirela, ya jawo tsofaffin rodi yana yankawa gaɓa-gaɓa. Bawa ya tafi neman jan fenti. Mutmainna ta ninke takardar ta sa a jaka, ta zuge, ta sake buɗewa ta leƙa, sannan ta ciro littafinta.

Hajjo ta riga ta kai tudu. Tana tsaye a kan tabo na farko, leshinta ya yi baƙi har gwiwa, tana kora wasu direbobi da hannu kada su taka.

"Taho mana, ɗiyata, rana na tafiya. Rubuta. Wanga na wata jar tanka ce, ta yi wata biyar nan ba ta motsa ba. Direban ɗan gajere ne, ba ya cin miyar kuka."

"Inna, a hankali, hannuna bai kai bakinki sauri ba."

"To ki ƙara sauri. Saura ashirin da biyar."